Bikon Miji: Nazarin Fim ɗin Rani Padmini Daga Ƙofar 'Yandaka

Ƙofar 'Yandaka tana yamma da birnin Katsina, ita ce kuwa ƙofar da Gwamna Lugga ya shigo ta cikinta a shekarar 1903. Ta samo sunanta daga sarautar 'Yandaka, wadda a yau ke riƙe da ƙasar Dutsinma. Ganuwa ta zube a wurare da yawa, gari ya tsallake ta ya yi nisa, amma har yanzu daga nan ne hanyar Batsari da Ruma ta ke miƙewa. Wanda ya tsaya a wurin da sassafe ya lura da masu shiga mota, zai ga mata suna da yawa a cikinsu. Wata za ta suna, wata za ta gaisuwar mutuwa, wata ta kawo ɗanta asibiti za ta koma, wata ta sari atamfa da sabulu za ta kai ƙauye. Jifa-jifa kuma a kan ga wadda ba ta ɗauke da kome sai goyo da ƙullin tufafi, idonta ja wur, ba ta yi wa kowa magana. Ita wannan ba sai an tambaye ta ba, yaji ta yi.

Saboda wannan mace ta ƙarshe ne aka ga ya dace a duba wani wasan sinima na ƙasar Indiya mai suna Rani Padmini, wanda aka yi da harshen Malayalam, ya fito a watan Oktoba na 1915 da ɗari, watau 2015. Labarin mata biyu ne a kan hanya. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana inda fim ɗin ya yi kyau da inda ya gaza, a auna shi da ma'aunin da Bahaushe ya riga ya mallaka game da tafiyar mace, musamman al'adar yaji da biko.

Mai karatu ya iya tambaya, me ya haɗa nazarin Hausa da fim ɗin Indiya? Amsar ba ta da nisa. Tun cikin shekarun 1950 'yan Labanan masu gidajen sinima, waɗanda a ke kira Kwarori, suka fara kawo finafinan Indiya ƙasar Hausa, jama'a kuwa suka karɓe su hannu bibbiyu. An yi shekaru ana maimaita Mother India, wanda ya fito a 1957, ba a gaji da shi ba. Brian Larkin ya yi rubutu a kan wannan shaƙuwa a 1997, Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero kuma ya bi sawun yadda ta shiga cikin finafinan Hausa, waɗanda a ke ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na 1990. Cikin shekarun 2010 sai wata sana'a ta ɓullo a Kano, ta ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, aka riƙa tura su cikin wayoyin hannu har ƙauyuka. Da yawa daga waɗanda aka fassara na kudancin Indiya ne, na harsunan Telugu da Tamil, galibinsu na faɗa, inda jarumi guda ke tarwatsa taron ƙarti. Finafinan Malayalam maƙwabtan waɗannan ne, amma halinsu dabam. An san su da ƙaramin labari na cikin gida, da ƙarancin raye-raye, da 'yan wasa masu kama da mutanen da a ke gamuwa da su a kasuwa.

Malayalam harshen jihar Kerala ne, wata siririyar ƙasa a gaɓar teku, kudu maso yammacin Indiya, wadda aka kafa a 1956. Ƙidayar 2011 ta sami mutum wajen miliyan 33 a cikinta, fiye da rubu'insu Musulmi. Mata sun fi maza yawa, 1,084 ga kowane maza 1,000, kuma fiye da 90 cikin 100 na matan sun iya karatu da rubutu. A dā wasu jama'arta, kamar Nayar, ta wajen uwa su ke bin dangantaka da gado, har dokar 1975 ta kawar da abin da ya rage na wannan tsari. Duk da haka ilmin bai 'yantar da amarya daga ikon gidan miji ba, a kan wannan gaɓa kuwa aka gina fim ɗin.

Aashiq Abu ne ya ba da umurni, Syam Pushkaran da Ravisankar suka rubuta labarin, Madhu Neelakandan ya ɗauki hoto, Bijibal ya yi kiɗa. Sunan fim ɗin kansa yana da ma'ana ga Ba'indiye. Rani Padmini sarauniya ce ta birnin Chittor a cikin wata tsohuwar hikaya, wadda Malik Muhammad Jayasi ya waƙe a 1540. Ita ce ta zauna cikin ganuwa har birnin ya ci wuta, ta zaɓi ta faɗa wuta da ta faɗa hannun maƙiyi. Masu fim suka raba sunan biyu, suka ba mata biyu, suka fitar da su daga ganuwa.

Padmini, wadda Manju Warrier ta fito a madadinta, 'yar Kerala ce daga gidan masu maganin gargajiyar Indiya da a ke kira Ayurbeda. An rene ta a kan kunya da kawaici da sunkuyar da kai, irin tarbiyyar da kowace uwa Bahaushiya za ta gane. Aka aurar da ita ga Giri, aka kai ta Delhi, fiye da kilomita 2,000 daga gidan ubanta. Shi Giri ba abin da ya ke so a duniya kamar tseren mota. Uwarsa ce mai ikon gidan, ba ta kuwa ji daɗin surukar da ta nemi fita aiki ba. Da zama ya ƙi daɗi, aka shirya takardun rabuwa, gama auren Hindu ba ya mutuwa da furucin miji, sai an bi ta kotu bisa dokar 1955. Giri ya sa hannu, ya kama hanyar duwatsun Himalaya wurin wata babbar gasa, bai ce wa matarsa uffan ba. Padmini ta sulale daga gida ta bi bayansa.

A cikin motar Manali, tafiyar da ta wuce kilomita 500 daga Delhi, ta gamu da Rani, wadda Rima Kallingal ta fito a madadinta. Rani 'yar talakawa ce ta unguwannin Delhi, tana zaune da uwarta da kakarta, ga baki ga saurin hannu, shigarta da tafiyarta duk na maza. Ita ba neman kowa ta fito ba, gudu ta ke yi daga wani ɗan ta'adda mai suna Raja, wanda ta taɓo. Sauran fim ɗin tafiyar su biyun ce, a mota da ƙafa, suna bin sawun masu tsere, Raja da yaransa suna bin nasu sawun.

To, a nan ne Bahaushe zai ga abin da watakila Ba'indiye bai kula da shi ba. A al'adar Hausa, idan aka ɓata wa mace rai a ɗakinta har haƙuri ya ƙare, sai ta tattara 'yan tufafinta ta tafi gidan iyayenta ko na wani babba a danginta. Wannan shi ne yaji. Ba saki ba ne, ba kuma gudu ba ne, ƙara ce ta kai da ƙafarta. Miji ya kan bari kwana ɗaya ko biyu zuciya ta huce, sa'an nan ya je, ko ya aika da amininsa ko wani dattijo. A zauna a zaure, a ji ta bakin kowa, a yi wa mai laifi faɗa. Sau da yawa ya kan haɗa da goro ko turmin zane ko 'yan kuɗi. Kana a ce wa yarinya ta yi haƙuri ta koma. Wannan shi ne biko. In kuwa kwanaki suka shuɗe ba a zo biko ba, kowa ya san abin da mijin ke nufi. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, aka buga a 1954, yana ɗauke da labaran mata da yawa da suka bar ɗakin miji haka, wasu suka koma, wasu auren ya mutu.

Abin lura a cikin wannan tsari shi ne kowa da tasa tafiyar. Wadda aka cuta ita ke tafiyar farko, wanda ya yi cutar shi ke ta biyu, tafiyarsa kuwa ita ce rabin ba da haƙurinsa, tun kafin ya buɗe baki. A cikin Rani Padmini an juya abin. Miji ne ya yi yaji, mata ta tafi biko. Gidan uban Padmini yana kudu, hanya a buɗe ta ke, ba wanda zai zarge ta in ta koma can ta zauna jiran abin da kotu za ta yanke. Sai ta nufi arewa, inda ba ta san kowa ba, ba ta jin harshen mutanen sosai, ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba. Ba ta aiki wa ko ƙane ba, ba ta jira dattijai ba. Akwai tambaya a bakinta, ta kuwa ƙudura ita da kanta za ta yi wa mai ita, ido da ido. Wannan ita ce babbar nagartar fim ɗin, gama ya ɗauki macen da a ke yanke al'amarinta a bayan idonta, ya maishe ta mai zuwa neman bahasi.

Ya kamata a tuna cewa irin Padmini, watau amarya mai ƙuruciya, ita ce macen da al'ada ta fi tsarewa daga hanya, a Indiya da ƙasar Hausa duka. Ko 'yan taru na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, waɗanda ke tasowa daga ƙauyuka ƙungiya-ƙungiya zuwa wurinta neman ilmi, tsofaffi ne da 'yan mata ƙanana, a ƙarƙashin jaji mai malfa. Matan aure masu haihuwa su kan zauna gida, a komo musu da abin da aka koyo. Saboda haka fitar Padmini ba ƙaramin abu ba ne, masu fim kuma sun kyauta da ba su nuna ta fita da fahariya ba. Ta fita tana tsoro, tana ƙanƙame da jakarta, tana zargin duk wanda ya matso kusa.

Nagarta ta biyu ita ce ƙawancen matan nan. Finafinan tafiya, a Indiya da sauran wurare, yawancinsu na samari ne. Shekara biyu kafin wannan, a 2013, Kerala ta ga Neelakasham Pachakadal Chuvanna Bhoomi, labarin samari biyu a kan babura zuwa Nagaland. Haka abin ya ke a adabin Hausa, matafiyin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam namiji ne, abokin karonsa ma namiji. Inda mata biyu suka haɗu a fim kuwa, sau da yawa kishiyoyi ne, ko masu takarar saurayi guda. Rani da Padmini ba su da namijin da su ke rabo. Farkon gamuwarsu ba daɗi, kowace na ganin baiken 'yar'uwarta, ɗaya na ganin wannan sakarya ce, ɗaya na ganin waccan ba ta da kamun kai. Yunwa da sanyi da tsoro su suka ɗinke su sannu a hankali, har kowace ta ari wani abu daga halin ɗayar. Bahaushe ya san darajar wannan. Ƙawance a wurin matan Hausa dangantaka ce mai ƙa'ida, da biki da ramuwar biki, ƙawa kuma ta kan san abin da uwa ba ta sani ba. Malaman Malikiyya ma, da suka yi magana a kan macen da ba ta da muharrami ga hajjin farilla, sun yarda mata ta bi amintaccen ayari. Ayarin Padmini mutum ɗaya ne, ita ma mace, amma ya isar.

'Yan wasan biyu sun riƙe fim ɗin ƙwarai. Manju Warrier ta bar sana'ar a ƙarshen shekarun 1990 bayan ta yi aure, tana kan ganiyarta, ba ta komo ba sai 2014 da fim ɗin How Old Are You. Masu kallo a Kerala sun san wannan, saboda haka duk sa'ad da Padmini ta ɗaga kai ta dubi sararin sama, suna ganin mata biyu ne a fuska ɗaya. Wasanta a ido ya ke da ɗan motsin baki. Rima Kallingal, wadda ta yi suna a 22 Female Kottayam na 2012, nata wasan a jiki ya ke, tafiya da zama da harara. Wani lokaci ta kan zarce, har mai kallo ya ga wasa a ke yi, amma ita ce gishirin tafiyar. Hoton kuwa ba a magana. Duwatsu da kwazazzabai da kogunan ƙasar Himachal sun fito kamar a taɓa, musamman inda matan suka yi shawagi da laima daga kan dutse, ƙasa ta yi musu nisa a ƙarƙashi.

Sai dai kyaun hoto ba ya biyan bashin labari, fim ɗin kuwa ya ci bashi biyu bai biya ba.

Na farko yana wuyan Giri. An riga an faɗi cewa a biko mai laifi ne ke tafiya, a kuma zaunar da shi a gaban manya. A nan wadda aka cuta ita ta sha wahalar hanya, da ta isa kuma ba a ga zaman da ya kai nauyin laifin ba. Mutumin da ya sa hannu a takardar rabuwa don a bar shi ya je wasan mota, ya bar matarsa ta ji a bakin wasu, an sallame shi da sauƙi, auren ya ci gaba. Fim ɗin ya lallaɓa shi tun daga farko, ya nuna shi mai sanyin hali wanda uwa ta fi ƙarfinsa, ya tattara dukan muguntar ya jibga wa uwar. Wannan tsohuwar dabara ce, masu kallon finafinan Hausa sun san ta sarai, inda uwar miji ko kishiya ke ɗaukar zunubin gidan duka, maigida ya fita fes kamar baƙo. Abin mamaki ne fim ɗin da ya tashi ɗaukaka mata ya rasa inda zai ajiye laifi sai a kan wata mace. Ba a kuma tsaya an nuna abin da ya maishe ta haka ba, alhali ita ma wata rana amarya ce a gidan wasu. Dattijon zaure a Katsina, wanda bai taɓa jin sunan Kerala ba, da aka kawo masa wannan shari'a da ya fi masu fim tsanantawa ga mijin.

Bashi na biyu yana kan hanyar kanta. Raja da yaransa, waɗanda ya kamata su zama abin tsoro, an maishe su abin dariya, suna tuntuɓe suna faɗuwa, suna gardama a kan shirme. Akwai kuma 'yan jaridar talbijin daga Kerala da aka saka don raha, waɗanda suka ci lokaci mai yawa a tsakiyar fim, har labarin ya yi sanyi. Sakamakon haka mai kallo ba ya taɓa jin cewa wani mugun abu zai sami matan nan da gaske. Kuɗi ba su yanke musu yankewar da ke sa mutum kwana a tasha ba, dare bai yi musu irin yin da ya kan yi wa baƙuwa ba. Wannan kuwa a ƙasar da, a watan Disamba na 2012, aka yi wa wata ɗaliba fyaɗe a cikin motar haya a Delhi har ta rasu, abin da ya girgiza Indiya duka. Daga wannan birni Padmini ta shiga mota, shekara uku kacal bayan haka.

Mai karatun Hausa yana da abin gwadawa a kusa. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, Adamu Halilu kuma ya maishe shi fim a 1976, akwai mace matafiya wadda ba a cika ba ta haƙƙinta a nazari ba, watau mahaifiyar Umar. Da aka sace ɗanta ta fita nemansa ita kaɗai, ta isa Kano, aka yaudare ta da alkawarin za a kai ta inda ya ke, aka ƙetare hamada da ita aka sayar a Murzuk. Ta yi shekaru cikin bauta da wulaƙanci, ba ta sadu da ɗan ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta rasu jim kaɗan bayan ganinsa. Kowane zango na tafiyarta an biya shi da wani abu. A zamanin nan kuma akwai fim ɗin Frontières na Apolline Traoré ta Burkina Faso, wanda ya fito a 2017. Mata huɗu ne a motocin haya, hanyar da ta taso daga Senegal ta bi ta Mali da Burkina da Benin har Ikko. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ce 'yan ƙasashen su yi zirga-zirga ba tsangwama, amma fim ɗin ya nuna abin da a ke karɓa a kowane shinge, da kuɗi da abin da ya fi kuɗi. Hotonsa bai kai na Rani Padmini kyau ba, wasu maganganunsa ma kamar wa'azi su ke, amma duk macen da ta taɓa fatauci za ta shaida hanyar.

Ba sai an je nesa ba ma. Hanyar da ta fita daga Ƙofar 'Yandaka ta shiga ƙasar da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A 2021 gwamnatin jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma yanke layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari. A cikin waɗannan watanni macen da ta shiga mota a bakin ƙofar nan ba ta da hanyar sanar da gida ta sauka lafiya. Ga wadda ta yi irin wannan tafiya, 'yan ta'addan da ke zamewa a kan ƙanƙara ba su yi kama da kome ba.

Amma fa a yi adalci, wannan aibi yana da wata fuska. Labarin da kullum ke nuna mace ta fita ta gamu da bala'i, ko da gaskiya ya faɗa, wani aiki ya ke yi a ɓoye, watau tsorata sauran su zauna. Tatsuniyoyi da finafinan Hausa da yawa haka su ke, yarinyar da ta bar gida ba ta komowa sai da ciki ko da cuta ko a makara. Thelma and Louise na Amurka, na 1991, wanda a ke ɗauka shi ne uban irin waɗannan finafinai, shi ma da mutuwar matan biyu ya ƙare. Aashiq Abu ya ƙi bin wannan hanya da gangan. Ya so 'yan mata su fito daga sinima suna sha'awar ganin duniya, ba suna gode wa Allah da ba su fita ba. Niyyar tana da kyau. Kuskuren shi ne zaton cewa sai an cire haƙoran hanya kafin matan su tsira. Da an bar hatsarin da ƙarfinsa, suka kuma tsallake shi da wayonsu da taimakon juna, da murnar ta fi nauyi, da kuma jaruntar ta zama tasu, ba kyautar marubuci ba.

Abin da ya faru bayan fitar fim ɗin ya ƙara fito da wannan. A watan Fabrairu na 2017 aka tare wata shahararriyar 'yar wasan Malayalam a cikin motarta kusa da Kochi, aka ci mutuncinta. A wannan shekara mata masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu, Women in Cinema Collective, Manju Warrier da Rima Kallingal suna cikin waɗanda suka fara ta. Gwamnatin Kerala ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin tsohuwar mai shari'a K. Hema, ya miƙa rahotonsa a ƙarshen 2019, ba a bari jama'a suka gan shi ba sai a watan Agusta na 2024. Hanyar da ta gagari 'yan wasan ba a Himalaya ta ke ba, tsakanin wurin aiki da gida ce.

Akwai kuma maganar Rani, wadda fim ɗin bai san yadda zai yi da ita ba. Padmini tana da inda za ta, tana da abin da za ta tambaya, tana da ɗakin komawa. Rani ba ta da ko ɗaya. Talaucin gidansu, da abin da ya sa ta zama mai faɗa, da zaman uwarta da kakarta ba namiji a gidan, duk an taɓa su sama-sama an wuce, ko da ya ke a nan ne sabon labari ya ke. Sunanta ne farko a sunan fim, amma tafiyar ta Padmini ce, ita rakiya ta yi.

In aka komo gida, macen da ta fi kusa da Padmini a ƙasar Hausa ba mai yajin nan ta bakin ƙofa ba ce, gama ita al'ada ta shirya mata masauki da mai zuwa bikonta. Wadda ta fi kusa ita ce matar ɗan ci-rani, wanda ya tafi Ikko ko Fatakwal ko Libiya da alkawarin komowa kafin damina, aike ya yi ta raguwa har ya yanke, waya ta daina shiga. Ba a sake ta ba, ba a kuma riƙe ta ba. Fiƙihun Malikiyya ya ba ta ƙofar alƙali. In rashin ci da sha ne kukanta, a kan ba mijin wa'adi, in bai cika ba a raba auren. In kuwa ɓata ya yi ba labari, ga abin da za ta ci, sai ta jira shekara huɗu daga ranar da aka bincika aka rasa shi, kana ta yi idda. Yawancin irin waɗannan mata su kan zauna su jira, wasu su kai ƙara. Kaɗan ne ke cewa sai sun gan shi da idonsu sun ji daga bakinsa. Mai wannan niyya tana bukatar kuɗin mota na zuwa da komowa, da sunan unguwa ko na wani ɗan garinsu a can wanda zai nuna mata ƙofa, da wadda za ta bar wa yara, da izinin wani babba don kada a ce ta fita yawon banza. Tana kuma bukatar wadda za ta zauna kusa da ita a mota, ta riƙe mata jaka in ta sauka alwala a Zariya.